Ƙwaya ko zaman tattaunawa? Likita ya ce in zaɓa, na rasa yadda zan yi

Maman Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo don na daɗe ina cin abin a raina ni kaɗai.

Shekarata 31, yarana biyu. Bara aka yi wa maigida canjin wajen aiki muka taso daga garinmu, na ajiye koyarwar da nake yi a wata firamare, na baro Umma da ƙannena da ƙawayena, yanzu daga ni sai yara a gida, ba mai shigo min ba inda nake zuwa. To kusan wata biyar ke nan ban gane kaina ba. Barci sai in farka ƙarfe uku na dare idona biyu har a kira asuba, gabana ya yi ta faɗuwa ba dalili, abinci ba ya min daɗi, wani lokaci ina tsakiyar wanke-wanke sai in ji hawaye kawai. Abin da ya fi damuna shi ne yadda nake yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, daga baya in zauna in yi ta jin haushin kaina. Girki ina yi, shara ina yi, salla ba ta wuce ni, amma wallahi duk jan jiki ne kawai.

Satin da ya wuce na daure na je asibiti. An yi min gwajin jini da na tayirod an ce lafiya lau. Sai likitan ya karanto min wasu tambayoyi guda tara na amsa, ya haɗa lissafi ya ce na samu 12, wai ciwon damuwa ne matsakaici, bai yi tsanani ba amma kuma ba na ƙyalewa ba ne. Ya ce hanya biyu ce: ko ya rubuta min wata ƙwaya fuloksetin wadda zan sha aƙalla wata shida, ko ya tura ni wajen masaniyar halayyar ɗan Adam a babban asibiti in riƙa zuwa sau ɗaya a sati kamar na sati takwas, magana kawai za mu riƙa yi ba magani. Ya ce in je in yi tunani in dawo.

Maigida ya ce shi sam bai yarda da ƙwaya ba, wai in mutum ya fara shi ke nan ya zama ɗan ƙwaya har ya mutu. Surukata ta ce shafar aljanu ce a kira malami ya yi ruƙiya. Ni kuma a raina cewa nake ta yaya hira za ta warkar da mutum, ai ina hira da Umma a waya kullum ban ji sauƙi ba. Ga asibitin da nisa, adaidaita biyu zan hau, ga ba mai riƙe min yara. Don Allah wanda ya taɓa yin ɗaya daga ciki ko ya san harkar ya faɗa min gaskiya.

Nas Ɗan Arewa:

Wa alaikumus salam. Sannu Maman Biyu, Allah ya ba ki lafiya, kuma kin kyauta wa kanki da kika je asibiti tun abin bai ci tura ba. Ni ma'aikacin jinya ne a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, ba zan zaɓar miki ba tunda ban gan ki ba, amma zan faɗa miki yadda abin yake.

Tambayoyi taran nan sunansu PHQ-9, makin yana tashi daga 0 zuwa 27. Daga 5 zuwa 9 mai sauƙi ne, 10 zuwa 14 matsakaici, daga 15 abin ya fara nauyi, 20 zuwa sama mai tsanani. Ke kina 12. A wannan matakin, binciken da aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru ya nuna ƙwaya da zaman tattaunawa kusan kunnen doki suke yi wajen kawo sauƙi, shi ya sa likitanki ya bar miki zaɓi, ba wai bai san aikinsa ba ne. Inda suka rabu shi ne bayan an gama. Wanda ya yi zaman yana tafiya da dabarun da ya koya, ciwon bai cika saurin dawo masa ba kamar wanda ya sha ƙwaya ya daina. Shi ya sa a Ingila ƙa'idar da hukumar NICE, mai tsara wa likitocinsu ƙa'idojin magani, ta fitar a 2022 ta ce idan damuwar ba mai tsanani ba ce kada likita ya fara da ƙwaya sai in mara lafiyar ne ya fi son haka. Hukumar lafiya ta duniya ma a kan mai sauƙi haka ta tafi.

Maganar hira kuma, ba irin hirar da kike yi da Umma ba ce. Umma rarrashinki take yi ta ce ki yi haƙuri, kuma wannan yana da nasa amfanin. Shi zaman nan aiki ne, har da aikin gida ake bayarwa kamar yadda kike ba 'yan ajinki. Wanda aka fi yi shi ne CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a, wani likita ɗan Amurka Aaron Beck ya tsara shi a shekarun 1960 bayan ya lura masu damuwa suna da wasu tunane-tunane da suke faɗo musu da kansu, irin su "ni ba ni da amfani", "na gaza a matsayin uwa", kuma suna karɓarsu kamar yankan wuƙa ba tare da sun tuhume su ba. To za a koya miki ki kama tunanin, ki rubuta shi, ki nemi hujjarsa. Sannan a tsara miki yadda za ki dawo da abubuwan da kika daina yi kaɗan-kaɗan, don ciwon nan abincinsa shi ne zaman shiru da janye jiki. Akwai kuma wani nau'in da ake kira IPT, wato gyaran alaƙa da mutane, wanda ya fi maida hankali kan rasuwa, rikici da wani, kaɗaici, da sauyin rayuwa irin naki na barin aiki da barin gari. Da na karanta labarinki shi ya fara zuwa min a rai.

Ita kuma fuloksetin, ki gaya wa maigida ba ta cikin ƙwayoyin maye. Ba ta sa mutum ya bugu, ba a ƙara yawanta don neman jin daɗi, ba wanda yake sayar da kayan ɗakinsa don ya saye ta. Tun 1987 aka amince da ita a Amurka da sunan Prozac. Amma tana da nata: sai ta yi sati biyu zuwa huɗu, wani har shida, kafin a ji aikinta, kuma kwanakin farko tana iya sa tashin zuciya, ciwon kai, ko fargabar ta ɗan ƙaru kafin ta lafa. Wasu tana rage musu sha'awa, wannan kuma mutanenmu kunya ba ta barinsu su faɗa, sai kawai su jefar da maganin. Kuma wata shidan nan ana ƙirga shi ne daga lokacin da kika ji sauƙi, ba daga ranar da kika fara ba.

Tambaya biyu: kina shayarwa ko kina sa ran ciki? In eh ne ki faɗa wa likitan, don ga mai shayarwa an fi zaɓar wata ƙwayar mai suna satralin. Na biyu, ko tunanin gara ki mutu ko ki cutar da kanki ya taɓa zuwa miki? In ya taɓa, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki koma gobe.

Anti Mai Ɗinki:

Ƙanwata sannu kin ji. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ina karanta rubutunki kamar ni na rubuta shi shekara huɗu da suka wuce.

Ni ƙwayar na sha kuma ba na jin kunyar faɗa. Garinmu ba wata masaniyar halayya, babban asibitin da ake zaman nan sai ka yi tafiyar awa uku a mota, wa zai ba ni kuɗin motar duk sati, wa zai bar ni ma in tafi? Likitan da ya gan ni amitiriftilin ya ba ni don ita ce mai araha kuma ita ake samu, da daddare ake sha. Gaskiya sati biyun farko na sha wuya, bakina ya bushe ƙamas, da safe in tashi kaina ya yi nauyi kamar an ɗora min dutse, na kuma yi ƙiba daga baya. Amma wajen sati na biyar wata rana da hantsi sai na tsinci kaina na buɗe keken ɗinkina da na rufe wata bakwai, na yanka atamfa na ɗinka wa 'yata riga. Ranar na yi kuka amma na daɗi.

Kuskuren da na yi shi nake so ki kiyaye. Da na yi wata uku na ji garau sai na ce na warke, dama 'yan uwa na ta min surutu wai maganin mahaukata nake sha, na daina rana ɗaya ban gaya wa kowa ba. Kwana uku ban runtsa ba, ga jiri ga amai ga mugayen mafarkai, bayan wata biyu kuma ciwon ya dawo sabo fil. Dole na koma aka sake ɗora ni, na yi kusan shekara, sannan likitan ya riƙa rage min a hankali a hankali har na sauka lafiya. Yanzu shekara biyu da rabi ba na shan komai. To kin ga maganar maigidanki ta wai har mutuwa ba haka ba ne.

Abin da nake roƙonki da girman Allah, kada ki bari wata ta ce miki je kemis ki sayi Lexotan ko Valium ki samu barci. Wata maƙwabciyata haka aka yi mata, da rabin ƙwaya ta fara, yau in ba ta sha ba hannunta rawa yake yi. Waɗannan su ne masu kama mutum, kuma ba sa maganin damuwar, danne ta kawai suke yi zuwa safiya.

Ni dai da a ce lokacin ina da inda zan je zaman nan kusa da ni, da na gwada shi tukuna. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ki duba abin da za ki iya ɗorewa a kai.

Abu Hanif:

'Yar uwa Allah ya yaye miki. Ni a ganina duk wannan abin na Turawa ne, mu Musulmi an ba mu magani: da ambaton Allah zukata suke natsuwa. Ki riƙe azkar na safe da yamma, ki yawaita istigfari da karatun Alƙur'ani, ki tashi da dare tunda ma kina farkawa. Kakanninmu ba su san wani difireshan, wai ciwon damuwa, ba. Kuma ban ga dacewar mace ta je ta zauna tana zazzage sirrin gidanta wa wadda ba ta sani ba.

Ɗalibar Ilimi:

Malam Abu Hanif, nasiharka ta azkar daidai ce kuma na tabbata ita ma ba ta musa ba, ai ta faɗa cewa salla ba ta wuce ta. Amma don Allah mu daina sa mai ciwo ya ji kamar imaninsa ne ya yi rauni, hakan ƙara masa nauyi yake yi. Annabi Yaƙub alaihis salam idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki, Alƙur'ani ne ya faɗa a suratu Yusuf, wa ya fi shi tawakkali? Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Nana A'isha kuma in an yi rasuwa takan sa a dafa talbina, wani irin kunun sha'ir, a ba masu makoki, ta ce ta ji yana cewa tana kwantar da zuciyar mara lafiya kuma tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Kun ga ke nan an nemi sababi ko a kan ɓacin rai.

Kuma ba na Turawa ba ne. Abu Zaid al-Balkhi, malami ne Musulmi da ya rasu a shekarar 934, ya yi rubutu ya rarrabe baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda yake faɗo wa mutum ba dalili wanda ya ce asalinsa daga jiki ne yana buƙatar magani. Har ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da yake lafiya don ya yaƙi munana da su in sun taso. Sama da shekara dubu kafin Beck fa. Kakanninmu ma sun san shi, sai dai su ce "tunani ya yi mata yawa" ko "ciwon zuciya ya kama ta", wasu kuma a ɗaure su da mari. Batun sirri, ma'aikatan nan amana ce a wuyansu, ya fi ta faɗa wa maƙwabciya gobe unguwa ta ɗauka.

Sabon Injiniya:

Aunty ni zaman na yi, lokacin ina aji uku a jami'a. Nawa fargaba ce ta fi yawa, in zan shiga jarrabawa ko an ce in tashi in yi bayani a aji sai ƙirjina ya riƙa bugawa numfashina ya yi sama-sama in ji kamar mutuwa zan yi, sau biyu ana kai ni asibiti a ce zuciyata lafiya. Daga nan na daina shiga lakca, na daina zuwa majalisa, sai kwanciya a ɗaki da waya.

Zama takwas muka yi, kowanne bai cika awa ɗaya ba. Gaskiya biyun farko na raina abin, na ce wannan mutumin tambayoyi kawai yake min. A na uku ne ya ba ni takarda ya ce duk sanda gabana ya faɗi in rubuta abu uku: me ya faru, me na ce a raina, me na yi bayan nan. Da na kawo bayan sati muka duba tare sai na ga jimla ɗaya ce take ta maimaita kanta kusan sau goma sha, "za su gane ban san komai ba". Wallahi ban taɓa sanin ina faɗa wa kaina haka ba. Sai ya ce to mu gwada, ka yi tambaya ɗaya a aji wannan satin mu ga ko za a yi maka dariya. Na yi, murya na rawa, ba wanda ya ko waigo. Haka muka yi ta hawa mataki-mataki har na iya tsayawa na kare aikina na ƙarshe gaban malamai.

Amma kada in yi miki ƙarya, akwai wahala. Ba zuwa za ki yi a yi miki ba, ke za ki yi, kuma ranar da jikinki ya mutu ranar ce ake so ki tashi ki yi abin da aka tsara. Wani abokina ya fara ya bari a zama na uku ya ce ba zai iya aikin gidan ba, daga baya ƙwaya aka ba shi kuma ita ta yi masa. Ki tambaye su ko suna yin wasu zaman ta waya, ni biyu daga cikin nawa lokacin hutu ta kiran bidiyo muka yi.

Nas Ɗan Arewa:

Anti Mai Ɗinki ta taɓo inda matsalarmu take. A takarda an ce a fara da zama, amma ina masu yin zaman? Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma yawanci suna manyan birane da asibitoci irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, Dawanau a Kano. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ma sai a Janairun 2023 aka sanar an sa mata hannu, kafin nan da ta 1958 muke aiki. Abin da yake ba ni ƙwarin gwiwa shi ne abin da aka yi a Zimbabuwe, inda wani likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, zama shida kacal suna taya mutum warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi waɗanda ba su zauna ba samun sauƙi nesa ba kusa ba. Su ma can sunan ciwon a yarensu "yawan tunani" ne kamar mu. Da za a horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi da malaman Islamiyya mata haka, da irin su Anti ba su rasa wajen zuwa ba.

Maman Biyu, ki sani zaɓin nan ba auren dole ba ne. In kin fara zama kika yi sati huɗu zuwa shida ba alamar motsi, ko makin ya hau, ana ƙara ƙwaya a haɗa biyun. In kuma kin ga zirga-zirgar ba za ta yiwu ba, ƙwayar da za ki sha kullum ta fi zaman da za ki je sau biyu ki bari. Anti, amitiriftilin in akwai saura a gida a ɓoye ta nesa da yara, yawanta yana taɓa zuciya.

Maman Biyu:

Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya saka da alheri, na karanta kowanne har sau biyu. Malam Nas ba na shayarwa, autana shekararsa uku, kuma alhamdulillah tunanin cutar da kaina bai taɓa zuwa min ba, sai dai in ji ina ma in yi ta barci kada a tashe ni, wannan ma zan faɗa wa likitan tunda ban faɗa ba wancan karon.

Jiya da daddare na miƙa wa maigida wayar ya karanta da kansa. Ya yi shiru ya daɗe, sai ya ce shi bai san abin ya kai haka ba. Mun tsaya a kan zan fara zaman, ya ce ranar Talata zai riƙa sauke ni kafin ya wuce ofis in dawo a adaidaita, ƙaramin kuma matar maƙwabcinmu ta yarda ta riƙe min shi, wallahi yau ce rana ta farko da na shiga gidanta tun zuwanmu. Ya kuma yarda in an kai sati shida ba canji zan karɓi ƙwayar ba gardama. Surukata na ce mata ta ci gaba da yi min addu'a, ruƙiyar ma ina yi wa kaina da safe da yamma.

Anti Mai Ɗinki na turo miki saƙo ta ciki, ina so in ji yadda kika yi da barcin kafin maganin ya fara aiki, don daren jiya ma ƙarfe uku na farka.